Darasin da Na Yi a Bakin Gonar Noma

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Ramatu.

Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina kuma roƙon Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya, ya tsare ki daga sharrin waɗanda za ki tarar a ƙarshen hanyar. Allah ya sa ki shiga da ƙafar dama, ya ba ki maƙwabta masu tsoronsa.

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naki, amma ga ni ina rubuto miki takarda kamar kina Makka. Na san halina ne. In na buɗe baki faɗa zan yi, ke kuma ki kumbura fuska ki duƙa kan wayarki, mu tashi ba wanda ya ji wani. Takarda ba ta ɗaga murya, don haka ki daure ki karanta har ƙarshe.

Ranar da takardar tura ki aiki ta fito, kika shigo gida kina tsalle kamar ƙaramar yarinya, kina cewa, "Baba, afektasiyo ta hito! Inda anka haihe ni, can anka tura ni!" kin ga uwarki ta aje taɓarya ta shige ɗaki. Kin ɗauka kukan rabuwa ne. Ni ma na bar ki a haka, na ce Allah ya sa albarka. Daga baya na ji ashe da hannunki kika roƙi a kai ki can, wai kina son ki koyar da Ingilishi inda ubanki ya fara. Ƙauyen nan na bayan Geceme, tun da muka baro shi ban sake kiran sunansa da bakina ba, ba kuma zan rubuta shi yau ba. Korarmu aka yi daga can, Ramatu, kina goye a bayan uwarki. Kuma mutumin da ya fi kowa dalilin ƙin jinina a garin, shi ne yau shugaban iyayen yara na makarantar da za ki. Shi zai tarbe ki, shi zai nema miki ɗakin kwana. Saboda haka dole ki san abin da ya faru.

Na isa garin ina saurayi da amarya, kaina cike da karatu, ina jin ni zan buɗe wa Arewa ido. Kolej ɗin da aka tura ni, wato ƙaramar sakandare, sabuwa ce, ba ta da ko ɗaki ɗaya. Kin san yadda abin yake a ƙauye: ajin kara ake yi, kara kuwa sai an gama girbi. Don haka makonnin farko a gindin wata tsamiya muke karatu. Filin da gari ya ba lakwal, wato makarantar, filin da ba mai so ne, don mutanen garin ba sa ratsa gindin tsamiyar nan da tsakar rana. Ni ban tambayi dalili ba. Na ga inuwa, na jingina tabulo, baƙin allon aji.

A cikin darussan ajin farko akwai wanda na fi ƙauna, wato yadda ake faɗin abin da mutum yake cikin yi a gaban idonka, wanda littafi ke kira present continuous. Kin fi ni saninsa yanzu, ke mai digirin lisans. Littafin da aka ba mu cike yake da hotunan ƴaƴan Turawa, wannan yana wasa da dusar ƙanƙara, wancan yana jiran jirgin ƙasa. Yaran da ke gabana ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Sai na rufe littafin na ce su juya baya. Ga gonar wani dattijo mai suna Noma ta zo har kusa da inda muke zaune, ga shi shi da iyalinsa suna yankan hatsi, suna ɗaure dammuna, ana ɗauka a ka zuwa rumbu.

Na tashe su muka jeru a bakin gonar. Na miƙa sandata na nuna Noma na ce, "He is cutting millet." Yara suka miƙa yatsu suka amsa baki ɗaya. Na nuna masu ɗaukar dami, "They are carrying bundles." Suka amsa. Ina buga sanda a ƙasa don su daidaita murya, suna maimaitawa, suna dariya don daɗi. Wallahi Ramatu, ban taɓa ganin darasi ya shiga kan yara kamar wannan ba. Kafin mako ya zagayo, yarinyar da ba ta iya ɗaga ido ta kalle ni ba tana haɗa jimla da kanta. A hanyar rijiya suna yi, a bayan awaki suna yi. Har yau in na tuna sai in ji zuciyata ta yi fari, sannan ta yi baƙi.

To ki tsaya ki dubi abin da idon Noma ya gani, abin da ni ban duba ba. Baƙo, wanda ba a san asalinsa ba, ya fito daga gindin tsamiyar nan da aka ce gidan iskoki ce, da garken yara. Bai yi sallama ba, bai ce barka da aiki ba, bai ce Allah ya sa albarka ba. Ya tsaya yana nuna hatsin mutum da sanda, ana amsa masa da wani harshe, yana buga ƙasa. Ni ɗan Arewa ne, a Dogon Dutsi aka yanke mini cibiya, na san ba a nuna damin mutum da yatsa, ba a ƙirga shi da baki. Na san abin da ake faɗa game da masu doguwa, iskar nan da aka ce tana kwashe albarkar gonar wani ta kai wa mai ita. Tun ina yaro nake jin wannan. Amma na yi shekaru a Yamai ina hadda, na dawo ina ganin duk wannan zancen tsofaffi ne da bai shafi mai takalmi da agogo ba. Gaisuwa ɗaya da neman izini da sun wadatar. Da na je wa Noma da yamma na durƙusa na ce, Baba, ina son yara su koyi sunan aikinka da Turanci, wataƙila da shi zai riƙa ɗaga musu dami suna faɗa. Don haka abu na farko, ɗiyata: kowane bakin gona, kowane bakin rijiya, kowace ƙofar gida, ki gaisa kafin ki buɗe baki da wani zance. Kuma hannunki ya zauna a jikinki, kada ki nuna kayan kowa ko ɗan kowa ko dabbar kowa, ko da yabo za ki yi.

An gargaɗe ni, kada ki ce ba a yi ba. Tsohuwar da muke haya a gidanta, Inna Kande, ta tare ni ina alwala. Ta kira ni yadda ake kiran malamin boko a can, ta ce, "Mushe, mi kaka yi ga gonan Noma da ɗiyan mutane?"

Na ce karatu ne, Inna.

Ta ce, "Karatu ga tabulo aka yi nai. Wanga da kaka yi, mutane sun hwara magana. Ka ɗauki goro ka tahi ka ba shi haƙuri tun hatsi nai bai shiga rumbu ba."

Na yi dariya. Har na zauna ina yi mata bayanin sabuwar hanyar koyarwa, wai ana ɗauko misali daga abin da yaro ke gani. Tsohuwa tana ba ni maganin wuta, ni ina karanta mata abin da na haddace a Yamai. Ta dube ni ta ce, "To, kai ka sani," ta ja zanenta ta wuce. Ke ma kina da wannan dariyar, na sha ganinta in gwaggonki tana magana, ki ɗan karkace baki ki dubi gefe. A wurina kika gado ta, kuma ita ce mafi tsadar abin da na mallaka, don ta ci mini aiki da mutunci. Tsohuwar da za ki zauna gidanta ta fi direkta sanin garin. In ta ce kada ki bi ta nan, kada ki bi, ko da dalilin da ta ba ki ya saɓa wa duk littattafan da kika karanta. Ba sai kin yarda da dalilin ba.

Direktanmu kuwa, a lokacin, har bakin gonar ya biyo mu ya tsaya yana tafa hannu. Ya ce zai gayyato masu duba malamai daga Dosso su ga yadda ake aiki a makarantarsa. Makarantarsa, in ji shi. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Aka gama kaka, aka yi mana ajin kara, muka shige ciki, ni har na manta. Sai da zafi ya kankama, abinci ya fara ƙasa a gidaje, Noma ya hau rumbunsa na biyu, wanda ya rufe don damina. Ya tarar da shi ya zabge, ƙasa da rabi. Kafin la'asar duk gari ya san wanda ya yi. Mushen Ingilishi ne, da doguwarsa, ya ari bakin yara ya kira hatsin dami dami tun yana gona.

Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne wannan. Rabin mazan garin nan ƴan ci-rani ne. Sun je Sakkwato, sun je Ikko, sun sha jin Turanci a tasha da shingen ƴan sanda. Sun san sarai abin da yara ke faɗa bai wuce "yana yankan hatsi" ba. Ba wanda ya tashi ya faɗa. Akwai kuma samarin nan ƴan kasuwa masu wa'azi, waɗanda kullum a lasifika suke cewa zancen doguwa shirka ne. Na ce to, ko ba komai waɗannan za su tsaya mini. Na je shagon babbansu. Ya ce, "Mu ba mu yarda da iskoki ba, Mushe. Amma kai ma mi ya kai ka jera ƴan mata da maza bakin hanya suna raira harshen Nasara?" Masu bori da masu wa'azi, da ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su, a kaina suka zama uwa ɗaya uba ɗaya. Kada ki shiga garin kina lissafin cewa wannan ɓangare naki ne don kuna sallah iri ɗaya ko don sun yi boko. Suna da rigimarsu, amma kakanninsu a maƙabarta ɗaya suke kwance, ke kuwa motar kasuwa ce ta sauke ki.

Aka kira ni ƙofar mai gari. Dattawa a kan tabarmi, matasa a tsaye, ni a tsakiya. Direkta an ce ya tafi taro. Mai gari mutum ne mai son a rufa asiri. Ya ce, "Mushe, ba mu ce kai ka yi ba, ba mu ce ba kai ba ne. Ka ba Noma haƙuri bisa tsayin da ka yi gonatai ba sallama, a shahwa fatiha, kowa ya tahi gida." Ƙofa ce ya buɗe mini, babba, har da riƙe mini labule.

Ni kuwa ina da abin da na sani. Noma yana da ɗa, Gado, saurayi a lokacin. Ba sau ɗaya ba na gan shi a kasuwar Kore Mairuwa yana sayar da hatsi a ɓoye bayan rumfunan masu awo, yana tara kuɗin mota zuwa ci-rani a kurmi. Jinina yana tafasa, na miƙe tsaye a gaban dattawa, na ce doguwar da ta kwashe rumbun Noma tana da ƙafa biyu, a gidansa take kwana, ga ta can tsaye. Na nuna Gado. Da yatsa kuma, don ban koyi komai ba.

Noma bai dubi ɗansa ba, ni ya duba. Ya ce, "Ka ci hatsina, yanzu kuma ɗana kaka so ka ci?" Ya kakkaɓe rigarsa ya tafi. Mai gari ya sunkuyar da kai. A fuskokin mutane na gane abin da ya kamata in gane tun farko: da yawansu sun sani. Wataƙila Noma kansa ya sani tun ranar da ya leƙa rumbun. Amma dattijo zai iya fita masallaci a matsayin wanda iska ta yi wa ɓarna, a jajanta masa. Ba zai iya fita a matsayin uban ɓarawo ba. Gari ya samo masa hanyar da zai riƙe kansa, kuɗin hanyar kuwa haƙuri ɗaya ne daga bakin baƙo, ni kuma na ƙi biya.

Gaskiya na faɗa, kuma ko yau aka tashe ni daga barci zan ce Gado ne. Ban yi nadamar saninta ba, wurin faɗinta ne na ɓata. Da na sami mai gari shi kaɗai a zaurensa na raɗa masa, da ya san yadda zai yi da ita. In kin ga abu a garin nan, kuma za ki gani, ki nemi mutum ɗaya mai nauyi ki faɗa masa a inda ba kunne na uku. Kada ki taɓa tona ɗan mutum a gaban ubansa, ko da an sa miki wuƙa a wuya. Kuma in an ce ki ba da haƙuri a kan ƙaramin abu don a binne babba, ki bayar. Ni na riƙe haƙurina kamar gadon ubana, ga shi nan har yau a hannuna, ban san abin da zan yi da shi ba.

Daga ranar aka daina amsa sallamata. Iyaye suka fara janye yara daga ajina, in lokacin Ingilishi ya yi sai in ga rabin benci ba kowa. Wannan duk da sauƙi. Uwarki ce ta sha wuyar, ga cikinki ya tsufa. In ta isa rijiya sai mata su janye tulunansu, su rufe bakin masakinsu. Mai nono ta gari ta daina tsayawa ƙofarmu. Wata rana ta dawo ta aje guga ta ce mini, "Mushe, ni mi na yi musu? Ni na nuna hatsin wani?"

A cikin wannan aka haife ki. Na ce suna ai suna ne, ba wanda zai ƙi jariri. Na sayi rago, na raba goro gida gida da hannuna, aka kwana ana girki, na aro tabarmi na shimfiɗa har bakin hanya. Gari ya waye. Liman ya zo shi kaɗai, ya raɗa miki suna, ya shafa fatiha a gaggauce, ya ce yana da uzuri. Inna Kande tana ciki wajen uwarki. Sai wani Bafillace makiyayi da ke zaune a bayan gari, shi da matarsa, waɗanda su ma ba a cika gayyatarsu komai ba. Shi ke nan taron sunanki. Na zauna a kan tabarmin nan ina kallon hanya har rana ta take tsaka. Can nesa na hango wasu daga cikin ɗalibaina sun laɓe a bayan danga suna leƙe, an hana su matsowa. Tuwon nan da aka tuƙa don gari guda, makiyayin nan ne ya taimaka muka ɗora a jakinsa ya kai ruga. Uwarki ba ta yi kuka a gabana ba. Amma kin taɓa lura, duk sunan da ake yi a unguwarmu ita ce ta farkon zuwa, ta ƙarshen tashi, ko da ba ta da lafiya? To daga nan ne.

Direkta ya dawo daga taronsa ya kira ni. Mutumin da ya tafa mini hannu a bakin gona ya ce shi dama tun farko yana da shakku a kan hanyata. Ya rubuta sama cewa ba na jituwa da jama'a. Kafin damina ta sauka muna bisa mota da ƴan komatsanmu. Kada ki jingina da yabon na sama da ke, Ramatu. In aikinki ya yi kyau, nasa ne. Ranar da ya jawo magana zai tafi taro.

Yanzu ga wanda ya fi duka, kuma shi ne ban san yadda zan ba ki shawara a kansa ba. Da na dawo Dogon Dutsi na rantse ba zan sake fitar da yaro daga aji ba. Na cika alkawari. Shekara da shekaru, in darasin nan ya zo, sai in zana wani ɗan mutum a tabulo, kai kamar ƙwallo, ƙafafu kamar tsinke, in sa masa suna Ali. Ali yana gudu. Ali yana cin abinci. Ali ba shi da gona, ba shi da uba, ba wanda zai kai ni ƙara a kansa. Yara su kwafe a kaye, littafin rubutunsu, su haddace, su zuba a jarrabawa, su manta. Ba a sake kirana ƙofar kowa ba. Masu duba malamai suna rubuta cewa ni malami ne natsattse. Na yi ritaya da takardar yabo, tana nan cikin akwati, ɓera ma bai kula ta ba. Ɗaliban da suka ratsa hannuna a nan Dogon Dutsi ba su ƙirguwa, amma in na haɗu da su a tasha, da wuya ka sami wanda zai iya gaya maka da Turanci abin da yake yi a tsaye a wurin. Na sani sarai yadda ake koyar da abin nan ya zauna, na taɓa yi da hannuna na ga ya yi, na kuma zauna ina kallon kaina ina ƙin yi har gashina ya yi fari. Wannan haushin ba na Noma ba ne, ba na Gado ba ne, amma su suka koya mini tsoron.

Ba na son ki zama ni na farko, a kore ki. Ba na kuma son ki zama ni na biyu. Abin da na iya tunani shi ne, ki yi abinki a cikin aji, kuma ki sa kanki a gaba. Ke ki ɗauki tsintsiya ki yi shara su faɗi abin da kike yi. Ke ki buɗe ƙofa, ki sha ruwa, ki yi kamar kina daka, su yi miki dariya su faɗa. Yatsunsu a kanki kaɗai za su tsaya. Ki hana su yi wa kowa a hanya, ki gaya musu wannan wasan na cikin aji ne. In shekara ta juyo, kin ci tuwon sunansu, kin yi musu zaman makoki, wataƙila wata uwa da kanta za ta ce ki zo da yara su ga yadda take saƙa. In ba a ce ba, kada ki roƙa. Ko wannan zai isa, Allah kaɗai ya sani, ni dai ban gwada ba.

Gado ya tafi kurmi a shekarar nan, ya daɗe, ya dawo da abin hannunsa. Yanzu Alhaji ne, shi ne shugaban iyayen yaran da na faɗa miki, an ce shi ya gina wa makarantar ɗakuna na siminti a inda tsamiyar take. Noma ya rasu tuntuni. Ban sani ba ko uban da ɗan sun taɓa yin zancen rumbun nan. Abin da na sani, mutum yana iya yafe wa wanda ya yi masa ƙarya, amma wanda ya faɗi gaskiyarsa a gaban gari, ban ga alama ba. In ya gane ke ɗiyar wane ce, ba zai zage ki ba, ya wuce nan. Ɗaki ne zai yi wuyar samu. Yara ne za su riƙa raguwa. Wata magana ce za ta tashi daga inda ba ki sani ba, ke kuma mace ce, ba aure, ke kaɗai, maganar da za a yi a kanki ta fi ta doguwa muni. Shi ya hana ni barci tun ranar da takardarki ta fito.

Na so in hana ki tafiya. Uwarki ta ce, "Ka bar ta. Kai anka kora, ba ita ba." Ta fi ni gaskiya, kamar kullum.

Saboda haka ga abu na ƙarshe, kuma shi ne ya sa na kasa yi miki maganar baki da baki. A takardunki an rubuta Ramatu Arzika, wannan ba ya gogewa. Amma masu suna Arzika a Arewa sun fi a ƙirga. Ranar da kika sauka za su zaunar da ke su ba ki ruwa, sannan wani dattijo ya ce, "Madan, ɗiyar wa ta?" Na san ki, za ki ɗaga kai ki ce ɗiyar Mushe Arzika ce, wanda ya fara koyar da Ingilishi a nan, nan ma aka haife ni. Kada ki faɗa. Ki ce ke mutuniyar Dogon Dutsi ce, ki kira sunan kakanki na wajen uwa, kowa ya san gidansu da mutunci. In suka ce wane Arzika, ki ce wani ne daban, ba su san shi ba. In Alhaji Gado ya kawo labarin wani mushe da aka taɓa yi mai doguwa, ana dariya, ki sunkuyar da kai ki bar su su yi. Kada ki kare ni.

Na so in rubuta miki cewa wannan ba zai dame ni ba. Ƙarya ne, zai dame ni. Tun kina rarrafe nake jiran ranar da za ki tsaya gaban aji a ce ɗiyar Arzika ce. Ba ni da gona, ba ni da shago, sunan nan kaɗai na tara miki, ga shi kuma ina ce miki ki aje shi a tashar Geceme kafin ki shiga garin. Amma na riga na ga tabarmin sunanki ba kowa a kai sau ɗaya, ba zan iya ganin na biyu ba. Na yafe miki wannan tun kafin ki yi, duniya da lahira.

Allah ya tsare gabanki da bayanki. Allah ya rufe bakin mai sharri a kanki, ya sa yaran garin su so ki, iyayensu su ji kunyarki. Allah ya ba ki haƙurin da ya hana ni, ya dawo mana da ke lafiya da mutuncinki. Uwarki tana sa miki albarka, ni ma na sa.

Wassalam.

Wanda ya haife ki, ko kin faɗa ko ba ki faɗa ba,
Arzika
Dogon Dutsi